Inna Taiba, Wadda Ba Ta Kunyar Tambayar Likita Lasisinsa

Idan an sallame sallar asuba, Malama Taiba Mas'udu ba ta komawa barci. Takan dama kunu, ta zauna bakin ƙofar ɗakinta a Talata Mafara da waya a cinya, domin ta san kafin rana ta fito sai an kira. Wani daga Jangebe, wata daga Ruwan Gizo, kuma bayan doguwar gaisuwa maganar ba ta wuce biyu: wane likita za a kai wa tsohuwa, ko kuwa asibitin da aka buɗe bayan tasha yana karɓar katin inshora? Daga nan ta sa hijabi, ta hau babur ɗin haya zuwa asibitin gwamnati, inda take zama a teburin inshorar lafiya. Da ƙuruciyarta ƙauyuka take bi tana awon ciki da rigakafi, sai da gwiwa ta fara ba ta wahala aka dawo da ita kan kujera. Ƙarshen watan nan za ta yi ritaya.

Duk wanda ya san ta ya san mace ce mai fargaba. Ta ga ƙafar yaro da allurar ɗan kemis ta shanye, ta ga matar da aka ɗura wa ruwa har numfashinta ya sarƙe, kuma abin bai taɓa barin zuciyarta ba. Ko wa ka ce mata likita ne, sai ta ce, “Ina takardarsa?” Har abokan aikinta suka laƙaba mata Inna Ina-Takarda. Ba ta jin haushi, amma ba ta dariya.

Abin da ya sa aka ɗauki alƙalami yau ya faru ne a daminar bara.

Malam Yasir malamin firamare ne da aka yi wa canjin wurin aiki daga Maradun zuwa Bakura. Shi da matarsa Husna suna da 'ya mai suna Na'ima, 'yar shekara shida, mai ciwon sikila. A Maradun akwai likitan da ya san ta tun tana goye, amma yanzu hanya ta yi nisa, kuma ba hanyar da mutum ke bi da kwanciyar hankali ba ce in la'asar ta yi. Suna bukatar likita na kusa, wanda zai riƙe yarinyar ya san jikinta. Maƙwabta suka nuna musu wani da ya buɗe ɗakin shan magani a gefen gari. Yana da farar riga, yana da abin sauraron ƙirji rataye a wuya, ga fara'a, an kuma rubuta a allonsa cewa yana karɓar kowane kati.

Da jikin Na'ima ya tashi, sai mutumin ya ce jini za a ƙara mata washegari, su zo da mai bayarwa. Husna ta shigo mota ta zo Mafara don ta tambaya ko inshorar mijinta ta haɗa da ƙarin jini. Haka ta tsaya gaban teburin Inna Taiba, idanunta sun yi ja.

“Ɗiyata, mi as sunan wurin?” in ji Inna.

Husna ta faɗa. Duk asibitocin da shirin inshorar ya amince da su a yankin Inna ta san su, wannan ba ya ciki.

“Ya auna jininta?”

“Ya duba idonta da tafin hannunta, Inna.”

“Ya tambayi rukunin jininta?”

Husna ta girgiza kai, sai hawaye. Inna Taiba ta ce, “Koma ki kula da ɗiyarki. Gobe da safe ina nan tafe. Kada a sa mata komi sai na iso, kin ji ko?”

Da hantsi ta isa Bakura. Ta tarar da Na'ima kwance kan benci, idanu sun yi ɗorawa, tafin hannu fari fat, tana nishi ƙasa-ƙasa. Ƙanin Yasir, Mujahid, ya riga ya naɗe hannun riga zai ba da jini. Yasir ya tare ta a ƙofa, ya rage murya.

“Inna, don Allah kada mu ci mutuncin bawan Allah. Kowa garin nan yabonsa yake yi. Nan muke zaune da mutane.”

“Malam, ba faɗa na zo yi ba. Tambaya ce kawai.”

Ta shiga, ta gaida mutumin da ladabi, ta tambayi aiki, ta tambayi iyali. Sannan ta ce tana roƙon ta ga lasisinsa na bana daga majalisar likitoci ta ƙasa, da takardar rajistar wurin. Ya yi murmushi ya ce suna Gusau ana sabuntawa. Ta ce to ya faɗa mata lambarsa. Ya ce ba ya riƙe lamba da ka. Ta tambayi inda za a gwada jinin Mujahid kafin a sa wa yarinya. Nan fara'ar ta ɗauke.

“Hajiya, kin ga yarinyar nan? In kunka ɗauke ta ta cika a hanya, ke za ki amsa.”

Maganar ta soke ta, domin ba ƙarya ce zalla ba. Yarinyar tana cikin hatsari, kuma tafiya ba ƙaramin abu ba ce gare ta. Inna ta fita waje, ta kira wani tsohon abokin aikinta a ma'aikatar lafiya ta jiha. Layi ya yi ta yankewa. Da ƙyar ta ji amsarsa: babu rajistar wurin a wajensu, amma shi mutumin ba zai iya tabbatar da komai a kansa yanzu ba, sai an bincika.

Ta dawo ba ta da cikakkiyar hujja, kuma ba ta yi kamar tana da ita ba. Ta kira iyayen gefe.

“Ban ce na san shi ba likita ba ne. Abin da na sani, wurin nan ba ya da rajista, katinku ba ya aiki a nan, kuma jinin da ba a gwada ba yana iya kashe ta nan take. Hanya ma tana da nata hatsari, ba zan ɓoye muku ba. Ɗiyarku ce. In kun tashi, ina tare da ku.”

Yasir ya dubi ƙasa. Husna ba ta jira shi ba, ta sunkuya ta ɗauki 'yarta.

Inna Taiba ta ce ba ta taɓa ganin nisan Bakura zuwa Mafara ba sai ran nan. Gonakin shinkafa suna wucewa, ita kuwa yatsunta na kan wuyan hannun yarinyar, bakinta na salati. Duk ramin da mota ta faɗa sai ta leƙa fuskar Na'ima. Tana ta tambayar kanta, in abin ya zo da ƙarar kwana, da wane ido za ta dubi wannan uwa?

Ta kai su wurin Dakta Regina, likitar iyali da ta daɗe tana aiki a Mafara. Likitar ta duba yarinyar nan da nan, ta sa aka ɗebi jini, aka gano zazzaɓin cizon sauro ne ya cinye shi. Ta tura su babban asibiti da takardarta, ta kuma biyo su da kanta. Can aka gwada jinin Mujahid, aka ce bai dace da na Na'ima ba ko kusa. Mujahid ya zame ya zauna a ƙasa, ya dafe kai. Aka samu wanda ya dace, aka sa mata. Bayan 'yan kwanaki ta fara neman fura.

Ranar da suka koma ganin Dakta Regina, Inna ta raka su, ta kuma yi abin da ya ba Yasir kunya: ta ce a nuna musu lasisi.

“Haba Inna,” in ji Yasir, “bayan duk abin da ta yi mana?”

Dakta Regina ta yi dariya, ta sauko da shi daga bango ta miƙa wa Husna. “Ki duba sunana, ki duba shekara. Likitan gaske ba ya jin haushin wannan tambaya.”

Sauran aiki kuma ya rage. Asibitin Dakta Regina yana karɓar inshorar ma'aikatan jiha, amma katin Yasir yana ɗaure da asibitinsu na Maradun, sai an canza. Makonni Inna ta yi tana bugun waya, ana ce mata gobe, ana ce mata mai sa hannu ya yi tafiya, ita kuma kullum tana fargaba kada ciwon ya dawo kafin a gama. Ba ta saki ba sai da sunan Na'ima ya koma inda ya kamata. Yau in kun ji yarinyar tana cewa “likitata”, Dakta Regina take nufi.

Shi kuwa mai farar riga, da jami'an ma'aikatar lafiya suka je wurinsa sai suka tarar da kwaɗo a ƙofa, allon ma an cire.

Inna Taiba, ke ce garkuwar mai jinya. Ba ki taɓa riƙe wuƙar tiyata ba, ba a rubuta sunanki a ƙofar kowane ofis ba. Ke ce kika tsaya gaban mutumin da gari ke yabo, gwiwarki na ciwo, kika yi tambayar da kowa ke jin nauyin yi. Ke ce kika gaya wa iyaye gaskiya har da ɓangaren da ba ki sani ba. Mun gode. Allah Ya saka miki da alheri, Ya ba ki lafiyar cin hutunki, Ya sanyaya miki zuciyar nan da ta daɗe tana tsorata saboda 'ya'yan mutane.

Mu kuma da za ta bari, kada mu jira sai yaro ya kwanta. Mu nemi likitan gidanmu tun muna lafiya. Mu tambayi lasisinsa, mu tambayi rajistar wurinsa, mu je teburin inshora mu ji ko katinmu yana aiki a can, kada mu dogara da abin da aka rubuta a allo. Wanda zai gaji kujerarta kuma, ya gaji har da tashi daga kanta in bukata ta kama.

Abokan aikinta suna shirya mata walima. Da suka tambaye ta me take so a ba ta, atamfa ko darduma, sai ta ce:

“Ku bar atamfa. Mutumin nan na Bakura, ba a san inda ya koma ba. Yana wani ƙauye yanzu da farar rigarsa, kuma can ma akwai yara. Ku nemo mini shi.”