Yadda Ƙafata ta Hagu ta Kai Mu Gonar Gero

Na fi wata biyu ina juya maganar nan a raina kafin na ɗauki biro. Sau uku ina farawa ina yagewa, don na san in 'yan tasha suka karanta sun samu abin dariya har ƙarshen rayuwata. Karatuna a firamare ya tsaya, inda na yi kuskure a yafe mini.

Sunana Sale. Na fi shekara ashirin ina jan bas tsakanin Daura da Kano, har bayana ya gaza, na zauna gida da 'ya'ya shida ba sana'a. Sai na ji Hajiya Rabi, wata dattijuwar 'yar kasuwa a bayan Kusugu, tana neman direban gida. Ɗanta Bashir da ke zaune a ƙasar Turawa ya aiko mata da mota. Da na je ta dube ni ta ce, "Malam Sale, ka iya otomatik?"

Ni kuwa ban taɓa ko zama a kujerarta ba. Bakina ya riga ni, na ce, "Ranki ya daɗe, ai mota mota ce."

Ban ce na iya ba, ban ce ban iya ba. Har yau ban san ko wannan ƙarya ce a shari'a ba. Ta ce jibi akwai sunan jikarta a wani ƙauye gaba da Dutsi, in na kai ta na dawo da ita lafiya, makulli ya zama nawa. Daga nan na zarce wurin wani abokina bakanike. Yana ƙarƙashin mota ya ba ni karatun: D gaba, R baya, P tsayawa, ƙafar hagu kuwa in manta Allah ya yi mini ita. Na ce, "N fa?" Ya ce, "Ba ruwanka da ita." Na rubuta uku na farko a tafin hannuna, ranar tafiya kuma na sake rubutawa.

Daura, biyar da rabi na asuba

Ina sallame salla na isa ƙofar gidan. Na zagaya motar sau biyu ina taɓa tayoyi. Hajiya ta fito tare da aminiyarta Inna Talle, wadda ta rungume kwano cike da alkaki ta ce ba za a sa shi a but ɗin mota ba. Na yi addu'ar shiga mota, na maimaita don ban tabbata na faɗi ta farko daidai ba. Na leƙa ƙasa, abin takawa biyu ne kacal. Inda kuloci ya kamata ya zauna babu komai, sai birki mai faɗi kamar faranti.

Na sa D, na ɗaga ƙafa, mota ta fara tafiya da kanta tun ban taka totur ba. Inna Talle ta ce, "Direba, biki za mu ko jana'iza? Ga mai kura can ya wuce mu da jarkokinsa."

Shingen bincike, shida da minti goma

Mun ɗauki hanyar Dutsi, gari ya fara wayewa, gero ya fito kamar taƙi ɗaya dama da hagu. Har na soma jin daɗin motar, sai dai hannuna na dama da ke ta lalube a banza yana neman giya. Da na hango shinge jami'i ya ɗaga hannu, ƙafata ta hagu ta tashi da kanta ta je neman kuloci, ta auka wa birki da dukkan ƙarfinta. Mota ta kafe wuri ɗaya. Kwanon Inna Talle ya taso daga baya, alkaki har kan cinyata.

Jami'in ya matso ya ce, "Baba, lafiya? Ai saura nisa ka iso."

Na ce, "Birki nake gwadawa, yallaɓai."

Ya ce, "To yana ci." Ya duba takardu ya sallame mu. Inna Talle tana tsintar alkaki tana cewa ko jaki ya fi wannan sanin tsayawa. Hajiya kuwa kallona kawai take yi ta madubi. Na fi jin tsoron kallon nan fiye da bakin Inna Talle.

Ƙauyen suna, bakwai da kwata

Daga Dutsi muka sauka kwalta muka hau burji. Mun tarar an zauna ana jiran liman. Aka raɗa wa yarinya sunan Hajiya, aka raba goro da dabino, aka kawo mini koko da ƙosai, da rana kuma tuwon shinkafa da kayan ciki. Ban ci da yawa ba, hankalina yana kan mota.

Bayan azahar na shiga ina goge ƙura, tsumma ya danna wani ɗan maɓalli kusa da giya. Wata fitila ta kama a gaban sitiyari, mai hoto kamar tauraro mai ƙafa shida. Na kashe mota na tayar, tana nan. Ban yarda na sake taɓa maɓallin ba, kada in ƙara wata ɓarnar. Na kira wani malamin makaranta cikin 'yan suna ya leƙa, ya ce, "Wannan hoton dusar ƙanƙara ne, irin wadda ke sauka a ƙasashen sanyi." Na ce me zai faru? Ya ce shi babur yake hawa.

Dawowa, huɗu da kwata

Mun taso bayan la'asar, hadari ya haɗu a gabas baƙi ƙirin. Ba mu yi minti ashirin ba iska ta taso, sai na ji kamar ana watsa wa rufin mota tsakuwa. Ƙanƙara ce, wasu kamar magarya, wasu sun kai goro. Na taɓa ganinta sau biyu ko uku a rayuwata, amma ban taɓa ganin ta rufe hanya ba. Nan da nan burji ya yi fari fat kamar an zazzage buhunan gishiri.

Zan faɗi gaskiya ko za a yi dariya. Na dubi fitilar nan, na dubi sama, zuciyata ta ce mini, Sale, kai ka kira ta. Na yi istigfari don na san ruwa da ƙanƙara a hannun Allah suke, amma ina istigfarin ina satar kallon maɓallin.

Inna Talle tana salati da ƙarfi. Hajiya ta ce, "Malam Sale, ko za ka tsaya?" Da na ji maganarta da ban rubuta wannan ba. Na ce akwai wata ƙatuwar bishiya a gaba, mu ƙarasa. Kafin bishiyar akwai gangara zuwa kwalbati. Muna fara gangarawa na ji bayan mota ya karkata, sitiyari ya yi sakwaf a hannuna. Ƙanƙara a sama, laka a ƙasa. Da bas ce, kuloci zan taka in sauko giya biyu, inji ya riƙe ta. Abin da ƙafata ta hagu ta tuna ke nan. Ta sake auka wa birki, ta dama kuma tana kan totur. Mota ta juya a hankali kamar mai neman alƙibla, muka ga inda muka fito, muka sake ganin inda za mu, sannan ta gangara da baya cikin gonar wani ta zauna.

Na sa P, na ja birkin hannu, na kashe. Na ce, "Kowa lafiya?"

Inna Talle ta ce, "Lafiya lau, Direba. Noma muka zo?"

Gonar gero, wajen biyar

Da ƙanƙara ta tsagaita sai ga mai gonar, wani dattijo dogo da buhu a ka, yana janye da shanun huɗa biyu. Ƙanƙara ta riga ta yayyaga masa gero, ga mu kuma mun kwanta a kan kunya shida. Na fara ba shi haƙuri, ya katse ni, ya ce, "Ba wanda ya ji ciwo? To sauran mai sauƙi ne."

Ya ɗaura igiya a gaban mota. Su Hajiya suka fita suka tsaya a kan ƙanƙara suna rawar sanyi. Na saki birkin hannu na riƙe sitiyari. Ya yi wa shanu magana, suka ja, igiya ta miƙe, mota ko motsi. Suka sake ja har ɗaya ya durƙusa a laka. Dattijon ya zagayo ya dubi tayoyi ya ce, "Malam, na fitar da akori-kura da shanun nan, da kaya a kanta. Wannan kuwa tayarta ba ta juyawa. Ɗaure ta aka yi?"

Na dubi tafin hannuna, alwala da gumi sun wanke rubutun. Hajiya ta matso taga, ta rage murya don kada dattijon ya ji, ta ce, "Sale, tsakaninka da Allah, ka taɓa jan irin wannan motar?"

Na ce, "Yau ne farko, ranki ya daɗe."

Na ji aikin ya fita daga hannuna a lokacin, har na fara tunanin abin da zan gaya wa mai ɗakina. Hajiya ta ciro waya, ta hau wani ɗan tudu don samun sabis, ta kira Bashir, ta yafito ni ta miƙo mini. Da na nuna masa hanyar ta waya sai ya ce, "Baba Sale, a ƙasar Daura ne wannan?" Ya tambayi inda giya take, na ce P, don tsaro. Ya yi dariya har ya shaƙe, sannan ya ba ni haƙuri. Ya ce P kulle tayoyi take yi, ko raƙumi ba zai ja ta ba, in kunna in taka birki in mayar N. Ita ce dai wadda aka ce ba ruwana da ita.

Na tambaye shi maɓallin. Ya ce shi ne ma abu ɗaya da na yi daidai yau: yana sa mota ta tashi a hankali don kada taya ta yi ta juyawa a kan santsi. Ya ce su can wata uku ko huɗu suke yi a kan irin wannan hanya. Ba a taka birki da ƙarfi, ba a taka totur da ƙarfi, ba a fizgar sitiyari. A gangara a sa giya a 2 ko L, wato ƙaramar giya, tun daga sama. In bayan mota ya zame, a ɗaga ƙafa, a bi shi da sitiyari a hankali. Ƙafa ɗaya ce ke aiki. Na ce ya maimaita, ya maimaita.

Na koma mota na sa N. Shanun ba su san an saki mota ba, suka ja da ƙarfin ɗazu, ta fito kamar an zare ƙaya, ta bi su a guje. Saura kaɗan in hau su. Na taka birki a hankali, da ƙafar dama, ta tsaya. Inna Talle ta yi guɗa.

Hajiya ta miƙa wa dattijon abin goro, ya ƙi, sai alkaki biyu ya karɓa don jikokinsa. Ya kwance igiyarsa ya kora shanu. Ina shirin tayarwa Hajiya ta ce, "Dakata. Cire takalminka na hagu." Na cire. Ta sa Inna Talle ta jefa shi a but. Ta ce, "Naɗe ƙafar ƙarƙashin kujera. In ta motsa zan gani."

Dutsi zuwa Daura, shida saura

Haka muka taho. Fatar ƙafata tana taɓa ƙarfe mai sanyi, duk lokacin da ta so tashi sai in ji ta in tsawata mata. Akwai wata gangarar kafin kwalta, na sa L tun daga sama, mota ta sauka da kanta tana gurnani kamar bas ɗina a giya ɗaya. Ƙwalla ta cika mini ido, ban san dalili ba. A Dutsi ko ɗigon ruwa babu, mutane suna kallon motar da ta sha laka da ganyen gero a bamba. Mun yi magariba a wani masallaci a bakin hanya, na shiga da takalmi ɗaya a hannu. A shingen safe jami'in nan ya gane ni, ya ce, "Baba, ya birki?" Na ce da sauƙi.

Ƙofar gida, bakwai da rabi

Na tsaya, na sa P, na fito da ƙafa ɗaya a ƙasa na miƙa wa Hajiya makulli da hannu biyu. Na ce ta yafe mini, na ɓoye mata abin da bai kamata ba, na kuma sa ransu a haɗari. Ta karɓa ta ce, "Tun kafin mu fita daga unguwa na gane. Hannunka sai lalube yake kamar mai neman ashana a duhu. Jira nake in ga yaushe za ka faɗa." Har na fara sallama. Sai ta ce, "Da na ce ka tsaya, ba ka tsaya ba. Wannan ya fi ɓata mini rai."

Na ce, "Na yi kuskure, ranki ya daɗe."

Ta miƙo makullin. "Gobe ƙarfe tara za ka kai ni awon ido. Takalmin kuwa a but zai riƙa tafiya, sai ranar da na ce."

Har yau tana nan ba ta ce ba. Na gode wa Allah da ya dawo da mu lafiya, na gode wa Hajiya da Bashir, har da Inna Talle, ko da yake ta gama baza labarin a unguwa.

Roƙona gare ku shi ne wannan. Cikin ruɗewa ban tambayi dattijon nan sunansa ba, ban kuma ji ya ce ya yafe kunyoyinsa shida ba, cewa kawai ya yi sauran mai sauƙi ne. Na koma sau biyu, gero ya yi tsawo ya rufe ko'ina, kwalbatin kuma har uku ne a hanyar. Dogo ne, da farin gemu, shanunsa ɗaya fari ɗaya ja, jan yana da karyayyen ƙaho. Wanda ya durƙusa a laka saboda wautata shi ne jan. Duk wanda ya san shi a ƙauyukan gaba da Dutsi, don Allah ya aiko mini da saƙo tashar Daura. A ce Sale mai takalmi ɗaya, kowa ya sani.