Baffa Bube da Wasiƙar Menemen

Ranar Talata, 11 ga Fabrairu 2025, da ƙarfe goma da kwata na safe, ina shagona a Kankiya ina buga wa wani takardar neman aiki, Manu ya kira ni daga Kaikai ta ƙasar Kusada ya ce yayansa, Baffa Bube, ya cika. Ciwon ƙirji ne na kwana huɗu. Na tuna wa kaina cewa na Allah muke, kuma wurinSa makomarmu take. Sannan na yi abin da na saba yi duk sanda abu ya fi ƙarfina: na buɗe littafina na rubuta rana da lokaci. An yi jana'iza bayan azahar. Yau kwana tara ke nan, ban iya zama wuri ɗaya na awa cikakkiya ba. Na fara wannan ta'aziyya sau huɗu ina yagewa. Wannan karon ba zan yage ba, domin akwai haƙƙinka a wuyana, Baffa, kuma gara in faɗe shi a bainar jama'a.

Na san ka ne a watan Maris na 2018, lokacin da wasu Turkawa masu aikin agaji suka zo haƙa rijiyar burtsatse a Kaikai. An ɗauke ni tafinta saboda ɗan Turancina na sakandare. Shugabansu ne kaɗai ke jin Turanci. Mai riƙe da injin haƙa wani dattijo ne mai suna Nuri, ba ya jin Hausa, ba ya jin Turanci, sai murmushi da nuni da hannu. Kai kuwa makiyayi ne mai 'yar gona a gefen wurin aikin, kullum kana tsaye da sandarka kana kallon injin kamar kana duba lafiyar saniya.

A mako na biyu zazzaɓi ya kayar da Nuri. Tantinsu da rana ba ya zaunuwa don zafi. Ba wanda ya roƙe ka. Ka goya shi a kan kekenka ka kai shi gidanka, ka kwantar da shi a ɗakinka, kai ka koma rumfa. Kwana bakwai kuna jinyarsa, kai da matarka Inna Hannatu. Yana shan magani, amma ya ƙi tuwo, ya ƙi fura. A rana ta takwas ya fito tsakar gida yana dafa bango, ya ga tumatir da tattasai a faifai, ya nuna kasko, ya nuna kaji. Ina wurin, kuma na rubuta yadda ya yi. Ya narka man shanu, ya fara zuba tattasai har ya yi laushi. Ya tsoma tumatir a ruwan zafi ya ɓare bayansa, ya yayyanka ya zuba, ya sa gishiri, ya jira ruwan ya ja. Sannan ya fasa ƙwai huɗu a kai, ya ɗan juya sau biyu, ya sauke tun ƙwan bai bushe ba. Inna Hannatu ta miƙo albasa, ya ɗaga hannu biyu kamar an nuna masa wuƙa.

Ka leƙa kaskon ka ce, "Malam na biro, tambaye shi, wanga abu ya nuna kuwa? Ko ciwon ne ya hana shi jira?"

Nuri ya gutsura biredi ya dangwala a cikin kaskon ya miƙa maka. Ka ci, ka sake miƙa hannu. Ya nuna kaskon ya ce menemen, ya bugi ƙirjinsa ya sake cewa Menemen. Daga baya shugabansu ya bayyana mana cewa abincin karin kumallo ne a ƙasarsu, kuma sunan garin su Nuri ke nan, kusa da birnin Izmir, garin da ake gina tukwanen ƙasa. Wannan na tukwane ya yi maka daɗi. Ka ce ashe su ma mutane ne irinmu.

Aikin bai ƙare da daɗi ba. Ranar da wa'adinsu ya cika, ruwan da famfon ke fitarwa ja ne, mai laka, kuma kaɗan. Nuri ya tara a tafin hannu ya ɗanɗana, ya cire hularsa ya zauna a ƙasa. Ya yi magana, shugabansu ya juya da Turanci, ni na juya da Hausa: shekara talatin yana haƙa rijiya, bai taɓa barin irin wannan ruwa ga mutanen da suka yi jinyarsa ba. Ya rubuta adireshinsa a takarda ya ba ka, ya ce jikarsa tana karanta Turanci. Ya shiga mota bai waiwayo ba.

Bayan kwana goma sha tara ruwan ya washe. Ka tuko keke tun daga Kaikai har shagona da gora a rataye, ka tsiyaya mini a kofi.

"Sha. To ɗauki biro. Ka ce: Nuri, ruwa ya gyaru, fari tas. Mata sun sha, shanu sun sha. Ka bar ɓacin rai. Bube na gaishe ka."

Na ce, "Shi ke nan, Baffa?"

Ka ce, "Mi kuma kake so? Wa'azi?"

Baffa, ban aika da wasiƙar nan ba.

Ka bar mini takardar adireshin, na juya wasiƙar da Turanci a ranar. Da na sake karantawa sai na ga kamar akwai kuskure, kuma na ji kunyar wata yarinya a wata ƙasa ta karanta ta yi wa mutanen Kaikai dariya. Na sake rubutawa, ta yi tsawo. Na rage, ta zama kamar ba ladabi. Na ce bari in nuna wa wani malamin Turanci, na je ƙofar gidansa na juyo. Ranar 4 ga Yuni 2018 ka tambaye ni ko ta tafi, sai bakina ya ce ta tafi. Daga wannan rana aikawa ta ƙara yi mini wuya, domin in amsa ta zo, za a ga kwanan wata, ka gane. Kowace shekara sai na ga dole in ƙara sakin layi na bayanin jinkiri, bayanin kuma yana ƙara tsawo. Kwafi goma sha ɗaya ne a aljihun teburina. Ni da nake rubuta wa mutane takardu kullum. Na san hanyar Izmir zuwa Menemen a taswirar waya fiye da yadda na san hanyar Kunduru da ke nan kusa da mu, amma layi huɗu sun gagare ni.

Kai kuwa duk shigowarka Kankiya sai ka tsaya a bakin shago, ƙafa ɗaya a ƙasa ɗaya a kan fedar keke.

"Malam na biro, amsa ta zo?"

"Tukuna, Baffa."

"To, garin da nisa. Ka ci gaba da dubawa."

Ba ka taɓa nuna kana zargina ba. Ban sani ba ko ka gane ka rufa mini asiri, ko kuwa har ka koma ga Allah kana ganin abokinka ne ya manta da kai. Wannan na biyun ne yake tayar da ni daga kujera.

Mutanen Kaikai za su shaide ka da abubuwan da suka fi wannan girma. Da rigima ta fara tashi a bakin famfo tsakanin masu ɗiban ruwa da masu shayar da dabbobi, kai ka tsara cewa mata su fara ɗiba har hantsi, sannan shanu su zo, kuma naka shanun ne ke zuwa ƙarshe. Har yau haka ake yi. Duk safiyar Juma'a kuma kana ɗora kaskon nan a ƙofar gida, duk wanda ya zo da biredinsa ya tsuguna ya dangwala. Da farko ana yi maka ba'a, ana cewa Bube yana ciyar da mutane ɗanyen ƙwai, daga baya masu ba'ar ne ke riga kowa zuwa. Kana ƙorafin cewa Allah Ya raba maka kayan haɗin gida biyu: da rani tumatir ya yi araha zabi ba sa ƙwai, da damina ƙwan zabi ya cika gida tumatir ya yi wuya. Attarugu dai ka ƙara da kanka, ka ce Nuri zai yi haƙuri. Albasa kuwa ba ka taɓa sa wa ba.

Ba zan manta da shekarar da 'yata Ummu ta yi taifot ta ƙi cin komai ba. Ka ji labari a kasuwa, washegari da safe sai ga ka da ƙwai a cikin ƙwarya an jera su a dusa. Ka shiga har madafin matata ka dafa da hannunka. Ka ce wa yarinyar, "Ɗiyata, wanga ya tada Bature da ƙafarsa, ke ce zai kasa?" Ta yi dariya, ta ci. Ina tsaye a bayanka a ranar, maganar wasiƙar tana bakina, ban faɗa ba.

Ranar Juma'a, bayan addu'ar uku, da mutane suka ragu, na roƙi Manu ya raka ni ƙofar ɗakin Inna Hannatu. Tana daga cikin labule. Na faɗa musu duka, ban rage komai ba.

Ta ce, "Malam Sharafaddeen, ashe bawan Allahn nan yana can shekara bakwai yana ganin laka ya bar mana?"

Na ce haka ne. Na roƙe su gafara.

Manu ya ce, "Namu mun yafe, Malam. Amma mai haƙƙin ba ya nan. Ɗayan kuma ba mu san ko yana nan ba."

Ban ga laifinsa ba. Gaskiya ya faɗa.

Ranar Litinin, 17 ga wata, na shiga mota zuwa Katsina na je gidan waya. Na aika da maganarka da Hausa kamar yadda ta fito daga bakinka, a ƙasanta Turancina na ranar farko da duk kurakuransa. Na ƙara layi biyu: cewa ka rasu, kuma jinkirin nawa ne, ba naka ba. Nuri ya haura saba'in yanzu in yana raye. Ban sani ba ko adireshin yana nan, ko jikar ta yi aure ta tashi. Don haka nake roƙon duk wanda ya karanta wannan, ɗalibi ko ɗan kasuwa mai zuwa Izmir, ya taimaka ya tambaya a Menemen inda wani tsoho mai haƙa rijiya, Nuri, yake. In an same shi a gaya masa ruwan Kaikai ya gyaru tun 2018, kuma Bube bai yi kwana ɗaya bai so ya sani ba. In ya riga mu gidan gaskiya, a gaya wa iyalinsa.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Inna Hannatu, da Manu, da 'ya'yanka Auwalu da Hawwa'u da Shamsiyya, da dukkan mutanen Kaikai da Kusada. Allah Ya ba ku haƙurin wannan rashi, Ya tsaya muku a inda yake tsaya muku.

Allah Ya jiƙanka, Baffa Bube. Ya yalwata kabarinka, Ya haskaka shi, Ya shayar da kai daga tafkin Manzo, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, kamar yadda ka tsaya kowa ya sha kafin naka. Ni kuma Allah Ya sa ranar da za mu tsaya a gabanSa ka yafe mini.

Sharafaddeen Uthman
Kankiya, 20 ga Fabrairu 2025