Gidan Man da Kawu Ke Cire Takalmi

Jiya 'yata ta ce in kai ta ta ga tsohon garin Garki. Sai da muka sauka daga motar Kubwa na gane ban san abin da zan nuna mata ba.

Marigayi kawuna ne mai wannan aikin. Duk baƙon da ya zo sai ya zaga da shi a ƙafa. Ranar da ya zaga da ni, ya tsaya gaban katangar wani banki ya ce, "Ga rijiyarmu, ruwanta sanyi kamar na randa." Na duba, siminti kawai na gani. A wurin ajiye motoci ya nuna mini kasuwar doya. Da muka iso wani gidan mai, ya cire takalmi a kan kwalta mai zafi, cikin warin fetur, ya ɗaga hannu. Mai gadi ya ce, "Oga, lafiya?" Kawu ya ce, "Mahaifiyata na kwance a nan." Kunya ta kama ni, na ja hannunsa muka wuce, ko sunan wurin ban duba ba.

Yanzu gidajen mai uku ne jere a titin. 'Yata ta ce, "Baba, wanne ne?" Na kalli wannan, na kalli wancan. Ƙarshe dai muka cire takalmi a gaban kowanne.

Allah ya ji ƙan Kawu, ya haɗa shi da mahaifiyarsa, tunda Shi bai manta inda take ba.