Gwaggo Uwani da Matan da Ta Raka Gwaji

Shekara bakwai ke nan cif da muka kai Gwaggo Uwani makwancinta, amma har yau in an ambace ta a gidanmu dariya ce ke riga hawaye zuwa. Ƙanwar mahaifina ce, a unguwar Kwaciri, nan Kano, ta zauna har ƙarshen rayuwarta. Ba ta wuce firamare ba. Aikin da ta yi wa gwamnati shi ne wanke kwalabe da goge tebura a ɗakin gwaje-gwaje na wani babban asibiti, sai dai Allah ya ba ta kunne da riƙe abu. Kafin ta yi ritaya ta san wane ciwo ake nema a jini, wanne a fitsari, ta kuma san wace ƙofa mutum zai ƙwanƙwasa a garin nan a duba shi ba tare da an kwance masa zani a kasuwa ba.

Zan ba da labarin abin da ta yi min, kuma sai da na nemi izinin maigidana kafin na ɗauki alƙalami. Dariya ya yi ya ce, "Rubuta mana. Ai Gwaggo ta daɗe da cire mana wannan kunyar."

Shekararmu huɗu da aure a lokacin, ko ɓatan wata ban taɓa yi ba. Ga ciwon mara da ke zuwa ya tafi, ga wani ƙaiƙayi da ba na iya faɗa wa kowa. Ni malamar makaranta ce, amma karatuna bai hana ni bin abin da kowace mace ke bi ba. Aka ce sanyi ne, wai a ban ɗaki ake ɗauka. Na sha sassaƙe, na sha tsimi, na zauna a ruwan bagaruwa har na gaji. Na sayi kafso a kemis sau ba adadi, in sha kwana biyu, in ji dama-dama, in watsar. Duk wadda na yi wa ƙorafi sai ta kawo min sunan wani mai magani. Ba wadda ta taɓa ce min in je a duba a ga mene ne.

Wata Asabar Gwaggo ta zo gidana da hantsi, ta shiga kicin neman ludayi, ta yi karo da jarkokina na magani jere a bayan ƙofa. Ta buɗe ɗaya ta shinshina, ta rufe. Ba ta yi min faɗa ba. Ta zaunar da ni a bakin gado ta yi min tambayoyin da ko mahaifiyata ba ta taɓa yi min ba, ina amsawa kaina a ƙasa. Da na gama ta ce, "'Yar nan, kina ta harbi a duhu. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ɗauko mayafinki."

Na ce ni dai ba zan je babban asibiti ba, don iyayen ɗalibaina da yawa a can suke aiki. Ta ce ta ji, ƙofa ba ɗaya ba ce. Muka tari adaidaita sahu muka nufi Sabon Gari. A saman wani bene, bisa shagon masu sayar da kayan gyaran mota, akwai ƙaramin ɗakin gwaji na wata ƙawarta da suka yi aiki tare, 'yar ƙabilar Ibo, kowa na kiranta Maman Obinna. A Kano aka haife ta, Hausarta har da karin magana. Kafin mu zauna Gwaggo ta nuna min takardar izinin aiki da ke rataye a bango, ta ce in riƙe wannan a kaina: duk inda na shiga ban ga irinta ba, in juya. Maman Obinna ta ja ni ciki, ta bayyana min abin da za ta ɗauka da dalilin ɗaukarsa, ta kuma ce min sakamakon tsakanina da ita ne, ko Gwaggo ba za ta ji daga bakinta ba sai in ni na faɗa.

Kwana uku na yi ina jira, abinci ba ya shiga. Da na koma, an samu ƙwayar cutar da ake ɗauka ta hanyar saduwa, irin wadda kan daɗe a jiki shiru tana ɓarna a mahaifa. Sauran gwaje-gwajen jinin, na ƙanjamau da tunjere da ciwon hanta, duk lafiya lau. Maman Obinna ta ce ita aikinta gano ciwo ne, rubuta magani na likita ne, in kai masa takardar. Sannan ta ƙara da cewa dole maigidana ma a gwada shi a yi masa magani, in ba haka ba ina warkewa zan sake ɗauka.

A nan gizo ke saƙar. Maigidana ɗan kasuwa ne a Kantin Kwari, mutum mai mutunci a idon jama'a, ya taɓa aure kafin ni, matar ta rasu. Da na gaya masa, fuskarsa ta canza. Ya ce shi lafiyarsa ƙalau, ba abin da yake ji, kuma yana so ya san me nake nufi da wannan magana. Ni ma a raina tambayar da ke ci na ke nan, daga ina abin ya fito? Mako guda muna gaisuwa kamar baƙi. Na fara tunanin auren nan ya zo gangara.

Gwaggo ba ta aika a kira shi ba. Da kanta ta tafi Kwari, ta shiga shagonsa ana tsaka da ciniki, ta nemi kujera ta zauna. Ta sa aka sauko mata da atamfa turmi bayan turmi, tana yabawa tana ajiyewa, har masu saye suka watse. Shi ya ba ni labarin daga baya. Ya ce ta dube shi ta ce, "Ɗana, ni ba alƙali ba ce, kuma ba shari'a na zo yi ba. Ciwon nan yana iya kwanciya a jikin mutum da daɗewa bai sani ba. Wanda ya tsaya neman wanda ya kawo wuta, gidansa ne zai ƙone. Ni kashe ta na zo mu yi." Ya ce mata yana jin nauyi, babba da shi a ce a gan shi a irin wannan wuri. Ta ce to ya taso, ita za ta riga shi.

Haka kuwa aka yi. Washegari mu uku muka hau benen nan. Tsohuwa mai jikoki, mijinta ya shekara goma a ƙasa, ta naɗe hannun rigarta ta miƙa wa Maman Obinna ta ce, "Fara da ni, Maman Obinna, a duba ko na kwaso wani abu a wurin zuwa Islamiyya." Maman Obinna ta yi dariya har ta riƙe tebur. Maigidana ya so ya daure, abin ya fi ƙarfinsa. Yana dariya ya karɓi kwalbar fitsari ya shiga ban ɗaki.

Shi ma an samu. Muka je wurin likita tare, aka yi mana allura aka ba mu ƙwayoyi, aka ce mu ƙaurace wa juna har mu gama, mu kuma dawo a sake dubawa. Gwaggo ta riƙa aiko da tambaya kullum ko mun sha, don ta san halina na ajiye magani a rabi. Likitan bai yi mana alkawarin haihuwa ba, ya ce ya danganta da irin ɓarnar da aka riga aka yi. Allah da ikonsa, shekara ɗaya da 'yan watanni na samu ciki. Ranar suna Gwaggo ta yi rawa har ɗankwalinta ya faɗi, Maman Obinna ta zo da tukunyar farfesun kifi wanda har yau dangina ke zancensa. Yanzu 'ya'yanmu uku. Tambayar nan ta waye ya kawo, ba mu sake ɗaga ta ba, kuma ba mu yi asarar komai ba da muka bar ta.

Nakan zauna in ce, da Gwaggo za ta leƙo yau, me za ta ce? Na tabbata abubuwa da yawa za su faranta mata rai. A zamanin da take aiki, in ka ce a yi gwaji kafin aure sai a ce ka zagi dangi. Bara da aka yi bikin ɗan yayana, a tsakar gida, gaban iyaye da kakanni, ake tambayar ko takardar gwaji ta fito, ba wanda ya sunkuyar da kai. Angon ma a waya ya nemo wurin da ya fi kusa da su, ya kira ya ji lokacin da suke buɗewa, suka je da amaryar da ƙanwar babarta. Ƙaramin asibitin unguwarmu da a da ba a zuwa sai don awo da rigakafin yara, yanzu ana ɗaukar jini a yi wasu gwaje-gwajen a nan take, abin da ya fi ƙarfinsu su rubuta maka takarda zuwa babban asibiti. Da ta ga wannan da ta yi guɗa.

Amma na san inda za ta taɓe baki. Motocin masu maganin sanyi na nan da lasifikarsu a bakin kasuwa, sun ma ƙaru da waɗanda ke talla a cikin waya, kwalba ɗaya wai tana kashe ciwo goma ba tare da an san wanne ke jikinka ba. Akan ji raɗe-raɗin masu neman takardar sakamako ba tare da an taɓa jininsu ba, don kawai a ɗaura aure. Wannan da ya ƙona mata rai, don ta sha faɗa cewa takarda ba ta warkar da kowa. Za ta kuma yi mamakin yadda muka mai da gwaji abin ranar biki kawai, kamar lalle. Matan aure da yawa har yanzu suna fama a ɗaka da abin da na yi fama da shi, mazansu kuma na cewa ai ba sa jin komai. Matambayi ba ya ɓata, in ji Hausawa, amma sai ya samu wanda zai tambaya ba tare da fargabar gobe a ji zancensa a gidan suna ba.

A nan ne ta fi mu duka. Ban san girman abin da ta yi ba sai ranar zaman makokinta. Mata suka yi ta shigowa, daga Fagge, daga Kwaciri, daga Sabon Gari, wasu da hijabi wasu da ɗaurin coci, da yawansu ba wanda ya san su a danginmu. Maman Obinna na gefe, idonta ya kumbura, ita kaɗai take gane su. In an tambayi mace yaya kike da marigayiya, sai ta ce, "Ta taɓa raka ni wani wuri." Ta farko ta faɗa, ta biyu ta faɗa, har ƙannen babana suka fara kallon juna suna tambayar wai ina ne wurin nan da Uwani ke ta raka mutane. Ni da maigidana muka haɗa ido, a tsakiyar makoki na toshe bakina da mayafi.

Gwaggo ba ta bar gida ko fili ba, akwatin kayanta ɗaya ne. Na zauna da ita shekaru, na yi jinyarta a ciwon ajali, mun yi hira iri-iri, amma sunan ko mace ɗaya daga cikin matan nan bai taɓa fitowa daga bakinta ba. Da sirrinsu ta tafi. Yanzu idan wata ta ja ni gefe a makaranta ko a gidan biki tana kame-kame, na san abin da ya rage min in yi, kuma nakan yi shi bakina a rufe.

Allah ya jiƙan Gwaggo Uwani, ya rufa mata asiri a can kamar yadda ta rufa wa bayinsa a nan.