Furar Inna Ta Riga Raƙumi Zuwa Agadas

Ko na manta da komai, ba zan manta da ranar da na karya kumallo a Damagaram na yi sallar azahar a Agadas ba. Zamanin Nasara bai daɗe da zama ba, ni kuma ɗan unguwar Zango ne, na bi ayari zuwa Agadas har sau shida. Tafiya ce ta kusan kwana ashirin, kuma na san kowace rijiya a hanyar. Shi ya sa da wani Bature matuƙin jirgin saman soja ya nemi wanda zai riƙa nuna masa alamun ƙasa, kumandan garinmu ya aiko aka kira ni.

Tsoro kam na ji shi, amma son ganin ƙwaƙwaf ya fi ƙarfinsa. Ina so in ga ta inda kwana ashirin za su shige cikin wuni ɗaya.

Inna, wadda ba ta daɗe da tashi daga ciwo mai tsanani ba, ta haɗa mini guzurin ayari sosai: gumba, kilishi, salkar ruwa har biyu. Matuƙin ya ɗaga kayan, ya girgiza kai, ya sa aka mayar da su. Abin da na tsira da shi kawai ƙullin fura ne da ta kirɓa da safen nan don yayana, wanda ke fatauci a Agadas. Na cusa shi cikin riga.

Da muka tashi, na fara lissafin zango yadda na saba. Kafin in gama nuna wa Bature inda muke kwana na fari, mun wuce na uku. Rijiyar da muka taɓa yini muna jan guga a kanta, ga ta can ƙasa kamar bakin tulu. Har haushi na ji, wallahi, da na tuna irin wuyar da muka sha a wurin.

Da muka sauka Agadas, a masaukin fatake na tarar da yayana yana ɗaura wa raƙumi sirdi, jikinsa na rawa da zazzaɓi. Ayarin da ya iso shekaranjiya ya gaya masa an bar Inna rai a hannun Allah. Ya rantse yau zai kama hanya shi kaɗai, ga bazara, rijiyoyi sun ja baya.

Na ce, "Yaya, sauke sirdin nan. Inna ta warke, da safen nan na baro ta tana daka."

Ya dube ni ya ce, "Da safen nan? Kai, ka ji tsoron Allah. Ta rasu ke nan, kuna ɓoye mini."

Na rantse, na ambaci abiyo, wato jirgin saman da ya kawo ni, fatake suka yi ta dariya. Sai na tuna da ƙullin. Ya kwance, ya gutsura, ya shinshina. Kowane ɗan ayari ya san fura ba ta kwana biyu a zafin nan ba ta yi tsami ba. Wannan kuwa da laushinta, ga citta ta yi yawa yadda Inna kaɗai ke zubawa.

Ya zauna a ƙasa yana tauna yana hawaye. Can ya ce a kwance raƙumin.

Tun daga ranar na koyi cewa labari ma tsufa yake yi a hanya. In aka kawo mini mugun labari, kafin in ɗaura sirdi sai na tambaya kwanansa nawa da barin gida.