Farin Ƙyallen Nandaseeli

Shekara talatin da ɗaya Nandaseeli ta yi tana bin jirgin ƙasan safe daga Gampaha zuwa Colombo, wurin ɗaukar fim. Da fitowa a matsayin 'yar aiki ta fara, mai shigo da shayi ta fita ba ta ce uffan ba. Wata rana wani darakta ya lura da yadda take ɗaga gira ɗaya, shi ke nan, aka ɗora mata muguwar suruka a wasannin talabijin, ita kuwa ta karɓa hannu bibbiyu.

Ta iya abinta, ba ƙarya. Mai kifi a kasuwa kifin jiya yake zaɓo mata, mata a jirgi su juya mata ƙeya. Ko a jikinta. “In sun tsane ni, aiki ya yi kyau,” haka take faɗa wa Thilini, 'yarta tilo da ta raina ita kaɗai.

Auren Thilinin ne ya zo da magana. Ranar biki, idan ango da amarya sun hau dandamalin ɗaurin aure, ango yakan miƙa wa uwar amarya farin ƙyalle a gaban jama'a, tukuicin nonon da ta shayar. Saura mako biyu, uwar ango, Karunawathi, ta aiko cewa gwaggon yarinya ta tsaya ta karɓa, wai fuskar Nandaseeli ba ta ranar sa'a ba ce. Wannan kam ta shige ta, fiye da duk zagin kasuwa.

Ta ɗauki damin ganyen bulat, irin wanda ake kai wa manya in za a nemi alfarma, ta nufi gidan Karunawathi.

“Yaya, na ji saƙo,” ta ce.

“Kada ki ga laifina, 'yar'uwa,” in ji Karunawathi. “Dangi ne. Kowa ya ga marin da kika sharara wa yarinyar nan a talabijin ranar Laraba. Ni kaina ban iya cin abinci ba.”

“Ashe kina kallo.”

“Ban taɓa fashi ba.”

“To, tafin hannuna na mara, kuma yarinyar a cikin ƙunshin shinkafata take cin abincin rana. Ki tambayi ɗanki wa ya koya wa Thilini ladabin da ya sa ya liƙe mata. Na yi matar wani, na yi uwar wani, duk na aro. Wannan ɗaya tak ce tawa, kuma nonona ta sha, ba na gwaggonta ba. Ba mai tsaya mini.”

Ba ta ɗaga gira ba, ba ta ɗaga murya ba. Karunawathi ta daɗe tana kallon ganyen, sannan ta miƙa hannu ta karɓa.

Ranar biki masu ganga suka yi shiru, baƙi suna ta zunɗe, ga ta can, ita ce. Nandaseeli ta tsaya kai a sama. Ango ya durƙusa ya miƙa mata ƙyallen, Thilini ta sunkuya ta taɓa ƙafafunta. Matar da ba a taɓa bari ta yi kuka a fim ba ta rungume ƙyallen, hawaye ya ɓata kwalliya.

“Mama, dubo nan,” in ji mai hoto.

Ta waiga dama, ta waiga hagu. Karon farko cikin shekara talatin da ɗaya, ba ta san inda kyamara take ba.