Ranar da Noeleen Ta Yaga Labulenta

Shekara talatin da ɗaya Noeleen Prowse ta yi tana gasa burodi a Tarnagil, amma da labule garin ya san ta. Duk ranar babban wasan ƙwallo, ita ce ke haɗa labulen takarda mai tsayin mutum uku, wanda 'yan wasanmu ke ɓarkawa su shiga fili. Gefe ɗaya tallar Barry mahauci ce, ɗaya gefen kuwa tsokanar abokan hamayya. Bakinta ba ya raga wa kowa, har mai tallar. Ta taɓa rubuta: "Naman Barry ya fi 'yan bayanku tauri, ku zo da haƙora."

Ba mai ganin tsokanar kafin lokaci sai Glenys, ƙawarta mai shafa gam. A kife labulen yake zama a ƙasa har 'yan wasa su fito, kuma kyaftin ɗinmu ne kaɗai ke fara yaga shi. In wani ya riga shi, to ya jawo wa ƙungiya rashin sa'a.

Shekarar da muka kai wasan ƙarshe da Mooralong, a kan kyaftin ɗinsu Wade Hockley ta sauka. Kowa ya san tsohuwar taraktar ubansa Des. Ta rubuta: "Wade, taraktar babanka ta fi ka gudu, ko da ta kife." Tun da safe Barry ya naɗe labulen ya wuce da shi fili, tafiyar kilomita arba'in.

Ƙarfe ɗaya da rabi tana rufe shagon burodinta ita da Glenys, wata mata ta leƙo.

"Kun ji abin da ya sami Des Hockley? Tarakta ta kife a kansa ɗazu. Jirgin sama ya ɗauke shi zuwa asibiti, ba a san ko zai yi rai ba. Wai kafin a ɗaga shi sai da ya ce kada Wade ya bar wasa."

Makulli ya suɓuce daga hannun Noeleen. Ƙarfe biyu za a ɗaga labule, rubutun yana kallon wurin zaman mutanen Mooralong. Ta kira Barry sau uku, amma waya ba ta shiga a filin nan.

"Glenys, shiga mota!"

Matar da ba ta taɓa wuce ko keken jaki a hanya ba, ranar ta taka mota har ƙofofi na rawa. Idonta a kan titi, amma Wade take gani a ranta yana fitowa fili, ya ɗaga kai, ya karanta.

"Ƙawata, sassauta, kashe mu za ki yi!"

"Ni na rubuta, Glenys. Da hannun nan nawa. Har kika yi dariya."

"Wa ya san gaibu? Wasa ne."

"Je ki gaya wa kakarsa wasa ne. Tana can gaba-gaba da bargonta."

Saura kilomita biyar suka tarar da garken tumaki ya cika titi. Noeleen ta danna ham har mai tumakin ya zage ta. Agogon mota ya nuna biyu saura shida.

Da suka isa, maza takwas sun kama sanduna, labule ya fara rabuwa da ƙasa. Noeleen ta tsallake shinge da rigar aikinta, fulawa har gwiwar hannu, mace mai shekara sittin da uku.

"Anti Noeleen, lafiya?" in ji Barry. "Kai, ku tare ta!"

Ba su tare ta ba. Ta faɗa tsakiyar labulen da ka, ta kama takarda tana yaga tana cusawa a riga, har ba sauran kalma biyu a haɗe. Fili ya ɗauki ihu da dariya, an zaci sabon barkwancinta ne. Ta waiwaya tana haki. Wade yana can nesa yana ɗaure takalmi, bai ma ɗago ba. Sai a lokacin ta zauna a ciyawa.

An ci mu da maki huɗu. Wasu 'yan garinmu sun shekara ba su gaishe ta ba. Mai rubuta labarin wasanni a jaridar gari ya ce ita kaɗai ce 'yar Tarnagil da ta yi gudu a ranar. Ta yanke shafin ta manna kusa da tanda, kuma ba ta taɓa faɗa wa kowa dalili ba. Ta ci gaba da tsokana, amma ba ta sake sa uban kowa a labule ba.

Watan jiya muka binne ta. 'Yan ƙungiya sun yi mata farin labule a ƙofar coci, ba rubutu, suka ratsa shi da akwatin gawarta. Des Hockley ya zo yana dogara sanda, Wade na riƙe da shi. Ya tsaya gaban Glenys.

"Ni fa har yau ban gane abin da ya shiga kan matar nan ranar ba," in ji shi yana murmushi.

"Ka san Noeleen," in ji Glenys. Ta juya da sauri tana neman hankici a jaka.